Otizim: Inda Fina-finai Suka Faɗi Gaskiya da Inda Suka Kauce

Da yawa daga cikinmu a fim muka fara ganin mai lalurar otizim, wadda wasu kafafen labarai ke kira galahanga. Masu kallon Indiya sun san Rizwan Khan, wanda Shah Rukh Khan ya fito a matsayinsa a My Name Is Khan na 2010: ba ya haɗa ido da mutane, hayaniya tana firgita shi, amma babu injin da ba ya iya gyarawa. Matasan yanzu kuma sun san Dakta Shaun Murphy na The Good Doctor, wanda Amurka ta ɗauko daga wani shirin Koriya ta Kudu ta fara nunawa a 2017. Daga irin waɗannan ne maganganu da dama suka bazu, wasu gaskiya, wasu ƙarya tsagwaronta.

Wadda ta fi yaɗuwa ita ce wai kowane mai otizim yana da baiwar da ta gagari sauran mutane. Ba haka ba ne. Tushen wannan zance shi ne Rain Man na 1988, inda Dustin Hoffman ya ƙirga tsinken sakace 246 da suka zube a ƙasa da kallo ɗaya, ya kuma ci kyautar Oska da rawar. Abin da masu kallo ba su sani ba shi ne, Kim Peek, mutumin da aka gina labarin a kansa, wanda ya haddace dubban littattafai, likitoci daga baya sun ce ba otizim ke gare shi ba. An haife shi ne babu jijiyoyin da ke haɗa ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu. Masu irin wannan baiwa akwai su, amma 'yan tsiraru ne. A ɗaya gefen kuma, wajen kashi ɗaya cikin uku na yaran da aka tantance suna da jinkirin fahimta, wasu har su girma ba sa magana sai kalmomi kaɗan. Mai shirya fim ba ya son wannan labari, domin ba ya kawo kasuwa. Illar ita ce uwa ta zauna tana jiran ranar da baiwar ɗanta za ta bayyana, shekarun koyarwa kuma suna wucewa.

Inda fina-finan suka dace shi ne wajen nuna yadda ƙara, haske ko cunkoso ke gigita mai lalurar, da yadda yake manne wa tsari ɗaya, ya rikice idan aka sauya masa. Maimaita maganar da ya ji ma gaskiya ne. Haka kuma an fi samun lalurar a maza, kusan sau uku zuwa huɗu a kan mata, ko da yake 'yan mata da yawa suna kuɓuce wa tantancewa. Zancen cewa ba su san ƙauna ko tausayi ba kuwa, ƙarya ne. Hanyar nunawar ce ta bambanta. (Af, Taare Zameen Par na Aamir Khan da ake yawan ambata, kan wahalar karatu da rubutu yake, wata lalura ce daban.)

Jita-jitar da ta fi haɗari ita ce wai allurar rigakafi ce ke jawo otizim. Wani likitan Ingila, Andrew Wakefield, shi ya wallafa haka a mujallar Lancet a 1998, bisa yara 12 kacal. An gano maguɗi a aikin, mujallar ta janye shi a 2010, aka kuma soke lasisinsa. Bai daddara ba, ya shirya fim mai suna Vaxxed a 2016, wanda guntayensa har yau suke yawo a WhatsApp da Facebook. Binciken da aka yi a Danmak kan yara fiye da 650,000, aka wallafa a 2019, bai sami wata alaƙa ba. Abin da ke ruɗar iyaye shi ne alamomin otizim sukan fito fili tsakanin shekara ɗaya zuwa biyu, daidai lokacin da ake yi wa yaro allurar ƙyanda. Mu da muka ga yadda ƙauracewar rigakafin shan inna a Kano a 2003 ta mayar da hannun agogo baya, bai kamata a sake yi mana wannan ba.

Ba kuma laifin uwa ba ne, duk da cewa a da Turawa sun daɗe suna ɗora mata. Binciken tagwaye ya nuna gado ne ke da kaso mafi tsoka. Ba sammu ba ne, ba kuma ɗan ruwa ba ne da za a ɓoye a ƙuryar ɗaki. Babu ƙwaya ko jiƙon da ke warkar da shi, duk wanda ya ce yana da shi kuɗinku yake so. Abin da ke taimakawa shi ne koyar da magana da mu'amala tun da wuri.

Saboda haka iyaye, idan yaronku ya shekara ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ko ya kai wata 18 ba ya nuna abu da yatsa, ko ya fara magana ya daina, a kai shi a gwada jinsa, sannan a ga likitan yara. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti.