Hanyoyin Gane Shekarun Tsohon Lofen Ingila

1.0 Gabatarwa

Lofe, watau tukunyar shan taba, yana cikin kayan da masu tara kayan tarihi ke nema, musamman wanda aka ƙera a Ingila da itacen biraya. Darajarsa a wurinsu ta dogara ne ga sanin maƙerinsa da shekarar ƙirarsa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa alama ɗaya ba ta isa shaida ba, sai an haɗa alamomi an auna su tare.

2.0 Itacen Biraya

Ana sassaƙa wannan lofe ne daga dunƙulen saiwar wani ɗan itace da ke fitowa a ƙasashen gaɓar Bahar Rum, kamar Italiya da Girka da Aljeriya. Dunƙulen yana da tauri da jure wuta. A garin Saint-Claude na Faransa sana'ar ta kafu a tsakiyar ƙarni na 19, sannan ta bunƙasa a Landan a hannun gidaje irin su Charatan da Comoy's da Barling da Dunhill. Da yake duk daga waje suke sayo itacen, shi kansa ba ya nuna shekara. Abin dubawa shi ne tambarin da aka buga a wuyan lofen.

3.0 Tambarin Maƙeri

Gidan Dunhill ya fi sauran sauƙin bi. Alfred Dunhill ya buɗe kantin taba a Landan a 1907, ya fara ƙera lofe a 1910. Tun farkon shekarun 1920 gidan ke buga 'yar lamba a wuyan lofe, domin a san shekarar ƙira, saboda lamunin shekara guda da ake ba mai saye. A lofen da aka ƙera daga 1960 zuwa ƙarshen shekarun 1990, ana tara lambar da ke bayan kalmar ENGLAND da 1960. Alal misali, 25 tana nufin 1985.

To amma a nan ne ake yawan tuntuɓe, domin lamba 4 tana iya nufin 1924 ko 1954 ko 1964. Abin da ke raba gardama shi ne lambar rajistar ƙira, wadda aka daina bugawa bayan 1954. In babu ita, lofen na bayan wannan shekara ne. In kuwa akwai, sai a duba wace ce, gama ta 1924 dabam take da ta 1954.

Gidan Barling kuwa ba shi da irin wannan lamba. Ana raba kayansa ne gida biyu: na zamanin da zuriyar Barling ke riƙe da kamfanin, da na bayan barinsu a farkon shekarun 1960. Na farkon sun fi tsada nesa ba kusa ba.

4.0 Zoben Azurfa

Wani lofen yana da zoben azurfa a wuya, mai ɗauke da hatimin hukuma. Hoton zaki yana nuna ingancin azurfar, kan damisa yana nufin Landan, ƙugiyar jirgin ruwa tana nufin Birmingham, sannan harafi guda yana nuna shekara. Kafin 1975 kowane gari da jerin haruffansa, saboda haka sai an san garin kafin a fassara harafin. Haka kuma hatimin shekarar azurfar yake faɗi, ba ta itacen ba, domin sau da yawa mai gyara ne ya ƙara zoben don ya rufe tsagewa.

5.0 Kammalawa

Bututun baki ma yakan lalace a sauya shi, yawan gogewa kuma yakan shafe tambari. Kowane daga cikin waɗannan yana rage daraja. Don haka masanin lofe ba ya yanke hukunci sai tambari da zobe da bututu sun yi daidai da juna. Wanda ya dogara ga ɗaya kaɗai, yana iya biyan kuɗin lofen 1924 ya tafi gida da na 1964.