Damƙin Laka

Duk wanda ya tashi a bakin dam ɗin Kazaure ya san hutun mako kashi biyu ne. Alhamis da Juma'a na almajirai ne, ranakun da ake jingine allo, su gangaro da ƙullin wanki a ka da guntun sabulu a aljihu. Asabar da Lahadi kuma namu ne, mu 'yan boko. Masunta ba su da hutu, sai ma aikinsu ya zama biyu a waɗannan ranaku, ido ɗaya a kan taru, ɗaya a kan 'ya'yan mutane.

Ban taɓa jin wanda ya ce ya buɗe makarantar koyon iyo ba, amma bakin dam ɗin nan makaranta ce, har da aji-aji. Kawuna masunci ne, su gadonsa ne, kuma ranar Asabar kafin hantsi ya ɗaga za ka tarar da yara sun kewaye shi kamar mai rabon alewa. Ba ya karɓar ko kwabo. Ladan koyarwa shi ne ka kwashe masa ruwan da ya taru a cikin kwale-kwale, ka taya shi shanya koma, in an yi kamu ka ɗauki kwaryar karfasa zuwa wajen masu suya.

Ajin farko na gora ne. Gora ta gaske nake nufi, irin babbar nan mai ƙaramin baki da masunci ke kifa ciki a kanta ya ratsa ruwa, in ya kama kifi ya jefa a ciki. Yaro zai rungume ta yana dukan ruwa da ƙafa, facal-facal, ita kuma tana juyawa tana neman kubce masa. Har yau ina tuna warinta, warin kifi da rana, da yadda take goge fatar ƙirji har sai ka ji zafi in an zo wankan dare. Sai ka yi makonni a haka. Rannan kawai, kana tsakiyar fantsama, Kawu zai miƙo filafili ya ture gorar, ya juya kai kamar bai gan ka ba. Ruwa ka sha, kuka ka yi, amma ka iso gaɓa da kanka, kuma daga ranar ka bar ajin gora. Iyaye mata ba sa son jin wannan labari.

Ruwan nan ba tun kaka da kakanni yake zaune ba. Yana cikin dam-daman da aka datse a shekarun 1970, lokacin Kazaure na cikin tsohuwar Jihar Kano, tun ba a yi mafarkin Jigawa ba, wadda aka ƙirƙiro a 1991. Kafin nan manyanmu a tafki da kududdufi suka koyi ninƙaya, sai damina ta sauka, rani na yi ruwa ya janye. Har yanzu haka abin yake ga yaran ƙauyukan Roni da Gwiwa da Babura da ba su kusa da babban ruwa. In ɗayansu ya zo mana hutu yana cika bakin ya iya, Kawu kan yi murmushi ya ce, "Ɗan nan, na kududdufi ka iya. Zo nan tukuna."

Domin iyo daban, nutso daban. Mai iyo saman ruwa ya sani. Nutso shi ne ajin manya, kuma ba kowa Kawu ke yarda ya shiga ba. Yakan fara da dutse, fari ɗan daidai tafin hannu, ya wurga inda ruwa ya kai wuya ya ce a ɗauko. Mako mai zuwa ya ƙara gaba. Inda ruwa ya yi tsayin mutum biyu, nan kunne ke fara suka kamar ana tura tsinke, nan kuma da yawa ke sallamawa. Maganinsa ka toshe hanci ka hura a hankali, ko ka haɗiye yawu, sai ka ji kunnen ya yi ɗas. Ƙasa kuwa duhu ne da sanyi, ko da ana ƙwallar rana a sama. Ido ba ya amfani, hannu ke gani. Da lalube ake gane kututture, da tsohon taru da ya maƙale, wanda shi masu nutso suka fi tsoro fiye da kowace dabba, don in ya naɗe ƙafa ba ya saki.

Na ga yadda ake yi a ƙasashen da ke bakin teku, inda ake goya tukunyar iska a baya, abin da Bafaranshen nan Jacques Cousteau da abokin aikinsa Émile Gagnan suka ƙera a 1943. Can mutum kan yi kwanaki kaɗan ana koya masa, ya yi nutso huɗu a buɗaɗɗen ruwa, a ba shi katin shaidar da ya halatta masa sauka har mita 18. Abin da ya ba ni dariya, babbar dokarsu ita ce kada ka kuskura ka riƙe numfashi, mu kuwa duk karatunmu riƙe numfashi ne.

Katinmu laka ce. Ranar da Kawu ya ga yaro ya kai, sai ya ɗauke shi a kwale-kwale su yi nisa da gaɓa, sauran yara na tsaye suna kallo. Ba a wurga dutse. Cewa yake yi, "Je ka gaishe da ƙasa." Ka ja numfashi, ka kifa kai, ka yi ta tura ruwa har yatsunka su nutse cikin taɓo mai sanyi, ka damƙo, ka taso ka ɗaga hannu sama kafin ma ka buɗe baki. Tawa baƙa ce, mai santsi, rabinta ya zube a hanya. Kawu ya karɓi ragowar ya murza tsakanin yatsu, ya shinshina, don akwai 'yan wayon da kan ɓoye lakar gaɓa a cikin wando. Sannan ya shafa mini a goshi ya ce, "To, madalla." Iyakar bikin ke nan.

A nan ne ake yawan gardama kan karin maganar nan, iya ruwa fidda kai. Malaminmu na Hausa ya ce ma'anarta ka tsirar da kanka, wato gwaninta ba ta da amfani in ba ta kuɓutar da mai ita ba. Kawu bai yarda ba. Shi a wajensa kan nan na bisa wuya ake nufi: ka san lokacin da za ka fiddo shi, tun ƙirji bai fara bugawa ba. Yaron da ya daɗe a ƙasa don a yaba masa, ranar ba yabo zai samu ba, dukan filafili zai sha. Ni dai na fi karkata ga fassarar Kawu, ko da yake na san malam ya fi shi hujja.

Akwai abin da ba a koya mana a fili. Kowa ya san gidan Sarkin Ruwa na da nasu sirri, ana maganar laya a damtse da 'yan ruwa da wuraren da ba a shiga da tsakar rana. Malamai sun yi ta wa'azi a kai, yanzu masunta da yawa bismillah kawai suke yi su faɗa. Wata al'adar kuma gara da ta tafi: da in yaro ya fara fitsarin jini sai a ce ya zama namiji, alhali tsargiya ce da ake ɗauka a ruwan da katantanwa ke zaune, wadda yanzu ake raba ƙwayoyin maganinta a makarantu.

A Argungu nutso abin gasa ne, ana yin sa cikin wasannin kabanci a bikin kamun kifin da aka fara tun 1934. Mu namu ba kiɗa ba kyauta. Ranar da ake neman mai nutso a nan, ranar kuka ce: yaro ya tafi wanki bai dawo ba, an ga takalmansa a gaɓa. Kafin motar 'yan kwana-kwana ta iso, masunta sun riga sun tuɓe. Na ga Kawu ya yi nutso ya fi sau goma a yammaci guda yana neman ɗan wani, ya fito idanu jajur, bai karɓi komai ba, bai kuma ci tuwo ba a daren.

Bara na je bakin dam ɗin ranar wata Asabar. Yara sun fi na zamaninmu yawa, kowa rungume da jarkar mai ko tsohon tiyub na mota, wani babba a cikinsu na tsaye kan dutse yana ɗaukar su a waya. Gora ko ɗaya ban gani ba. Na duba gefen da kwale-kwale ke tsayawa, sai wani dattijo shi kaɗai yana ɗinkin koma, ya ba su baya. Na gaishe shi, na ce, "Baba, wa ke koya musu?" Bai ɗago ba. Ya ciji zare ya ce, "Ruwa."