Ian McDonald da Ciwon da ke Ɓuya a Ƙwaƙwalwa

Shirinmu na musamman a yau zai kai mu birnin Landan, wurin wani likitan ƙwaƙwalwa da ya kwashe fiye da shekara arba'in yana bin sawun ciwo ɗaya. Sunansa Ian McDonald. Ciwon kuwa likitoci na kiransa maltiful siklerosis, a taƙaice MS.

Bari mu fara da yadda ciwon yake zuwa. Mace ce 'yar shekara ashirin da 'yan kai, ta wayi gari idonta ɗaya yana gani dishi-dishi, kuma yana mata zafi in ta juya shi. Bayan makonni kaɗan gani ya dawo, kowa ya yi hamdala. A yi shekara biyu ko uku shiru, sai ƙafa ta ɗauki sanyi, ko tafiya ta koma tangaɗi. Wannan ma ya wuce. Haka ciwon yake zuwa yana komawa, kuma a wurin mutane da yawa daga baya ya zauna daram. Ya fi kama masu shekara 20 zuwa 40, mata sun ninka maza aƙalla sau biyu, kuma ƙididdigar duniya ta 2020 ta nuna mutum miliyan 2.8 ke ɗauke da shi.

Jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka suna da wata riga mai maiƙo da ake kira mayelin, kamar robar da ke lulluɓe wayar lantarki. A ciwon MS garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta far wa wannan riga, ta bar tabo nan da can. Tun a 1868 Jean-Martin Charcot ya bayyana ciwon a asibitin Salpêtrière na birnin Faris. Sai dai an shafe kusan ƙarni guda ana ganin tabon nan a gawa kaɗai. Mai rai kuwa, sai likita ya jira ciwon ya sake bugawa a wani sashen jiki kafin ya iya faɗin sunansa. Har wanka da ruwan zafi aka riƙa yi wa marasa lafiya a matsayin gwaji, domin zafi yana tayar da alamun ciwon.

An haifi McDonald a Wellington ta ƙasar Niyu Zilan a 1933, ya yi karatun likita a Jami'ar Otago. Tun yana can ya kama wata tambaya da bai sake ta ba har ya bar duniya: me ke faruwa da saƙon da ke gudu cikin jijiya idan rigarta ta yage? Ya yi amfani da dafin ƙwayar cutar mashaƙo, wanda ke lalata mayelin, ya gwada a jijiyoyin kyanwa. A 1963 ya koma Landan, babban asibitin cututtukan jijiyoyi da ke Queen Square, inda shi da Tom Sears suka ɗora aikin a kan laka. Abin da suka gano shi ne, idan ɓarnar ta yi yawa saƙo yana tsayawa cak, idan kuma ba ta kai nan ba yana wucewa amma a makare. A ƙarshen shekarun 1970, shi da Ken Smith da Bill Blakemore suka nuna cewa idan sabuwar riga ta tsiro, ko da siririya ce, saƙo yana komawa aiki. Nan aka fara fahimtar abin da ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai, wato yadda ido zai dushe sannan ya buɗe.

Kalmar nan "a makare" ita ta ba da sabon gwaji. A 1972 McDonald da Martin Halliday da Joan Mushin suka zaunar da marasa lafiya gaban wani allo mai gidaje baƙaƙe da farare da ke musanya wuri, suka liƙa wayoyi a ƙeyarsu. A lafiyayyen mutum, saƙo daga ido yana isa ƙwaƙwalwa cikin kusan kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. A wanda jijiyar idonsa ta taɓa kumbura saƙon yana lattin zuwa, ko da shi yana cewa ganinsa ya dawo garau. Ba allura, ba yanka, amma ga shaidar tsohon tabo. Har gobe ana yin wannan gwaji a asibitoci.

Sai ga shekarar 1981. A asibitin Hammersmith, nan Landan, Ian Young da abokan aikinsa suka saka mutum 10 masu MS cikin sabuwar na'ura mai ɗaukar hoto da ƙarfin maganaɗisu, wadda yau muka sani da MRI. Na'urar CT ta ga tabo 19 a ƙwaƙwalensu. MRI ta ga waɗannan duka, ta ƙara da wasu 112. McDonald bai yi wata-wata ba. Ƙungiyar masu MS ta Birtaniya ta ba da kuɗi, aka kafa na'urar MRI a Queen Square domin binciken wannan ciwo kawai, kuma wani matashin likita ɗan ƙasarsu, David Miller, ya zo ya kama aiki da shi.

A ganina, masu sauraro, nan ne darajar mutumin take. Na'ura tana nuna fararen ɗigo ne kawai, ba ta faɗin ma'anarsu. McDonald ya riga ya yi shekara ashirin yana nazarin jijiyar da ta tuɓe, don haka ya san abin da zai tambaya. Suka riƙa ɗaukar hoton marasa lafiya a kai a kai, suna yi musu allurar wani sinadari, gadoliniyam, wanda ke haska wurin da shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa ya ɓalle. Sakamakon ya girgiza likitoci: sababbin tabo suna fitowa sau biyar zuwa goma fiye da yadda mara lafiya ke jin ciwon ya tashi. Ashe lokacin da mutum ke cewa ya samu sauƙi, ɓarna tana ci gaba a ɓoye. Wannan ya sauya yadda ake gwada magani. Lokacin da Amurka ta amince da intafiron beta a 1993, maganin farko mai rage yawan tashin ciwon, hotunan MRI da Donald Paty ya tantance a Vancouver ta Kanada suna cikin manyan hujjoji.

A 2001 wani kwamitin ƙwararru na duniya da McDonald ya jagoranta ya fitar da ƙa'idojin gane ciwon, waɗanda ake kira da sunansa. Kwamitin ya bar tsohon sharaɗi yadda yake: a nuna ɓarna a wuri fiye da ɗaya, kuma a lokaci fiye da ɗaya. Sabon abu shi ne hoto zai iya tsayawa a matsayin shaida, ba sai an jira bugu na biyu ba. Ga matar da muka fara da labarinta, wannan na nufin fara shan magani da wuri maimakon shekarun zullumi. Amma kwamitin ya gindaya cewa sai an tabbatar babu wata cutar da ta fi bayyana alamun, domin tsufa da hawan jini da ciwon ɓarin kai duk suna barin fararen ɗigo a hoto. Likitan da ya dogara da hoto kaɗai yana iya laƙaba wa mutum ciwon da ba shi da shi.

McDonald gwanin kaɗa fiyano ne. A shekarunsa na ƙarshe wata 'yar jijiyar jini ta toshe a ƙwaƙwalwarsa, sai ya kasa karanta rubutun kiɗa. MRI ta nuna wurin, shi kuma ya bi yadda baiwar ta riƙa dawo masa sannu a hankali, ya rubuta rahoto a mujallar Brain wadda ya taɓa zama editanta. An buga shi a 2006, kuma a watan Disambar wannan shekara ya rasu yana da shekara 73. An sabunta ƙa'idojinsa a 2005 da 2010 da 2017, aka sake a 2024.

A ƙasashenmu na kudu da Sahara ba a cika samun rahoton MS ba, kuma gaskiya ne ciwon ya fi yawa a ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya. Amma na'urorin MRI da likitocin ƙwaƙwalwa sun yi mana ƙaranci matuƙa, kuma hoton yana da tsada. Don haka matashin da ganinsa ya dushe ko ƙafarsa ta mutu sannan ta warke da kanta, ya daure ya ga likita, ya kuma ba shi labarin duk abin da ya taɓa faruwa a baya, ko da shekaru sun shuɗe.