Gwajin Gigin Tsufa: Da Wane Harshe Ake Tambayar Dattawan Mubi?

Idan dattijo ya fara manta sunayen jikokinsa, ko ya ɓace a hanyar da ya saba bi, iyali kan ce gigin tsufa ne. Likitoci kuwa da gajerun tambayoyi suke tantancewa. Gwajin da ya fi shahara shi ne MMSE mai maki 30, wanda Marshal Folstein da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a 1975. Ana tambayar mutum kwanan wata, a sa shi cire bakwai-bakwai daga 100, ya rubuta jimla, ya kwaikwayi zane da fensir.

To, a kawo wannan gwaji Mubi. Ga tsohuwar da ta tashi da Gude ko Fali ko Fulatanci, Hausa kuwa a kasuwa ta koya. Da damina da kaka take ƙirga shekara, ba ta taɓa riƙe fensir ba. Makinta zai zube, alhali ta san bashin da take bin kowa har sisin kwabo. An auna karatun boko, ba a auna ƙwaƙwalwa ba. Ko a Amurka, bincike ya nuna wasu tambayoyin na tauye dattawa masu jin Sifaniyanci bayan an fassara su.

An riga an nuna mafita a Najeriya. Binciken haɗin gwiwa na Ibadan da Indiyanafolis, wanda aka fara a 1992, ya yi amfani da gwajin da ke haɗa amsar dattijo da bayanin ɗan'uwan da ke zaune da shi. Masanan sun kuma samar da gwajin jera tsinken ashana a madadin zane.

Mubi na buƙatar irin wannan kulawa. Dattawa da yawa sun yi gudun hijira lokacin da Boko Haram ta mamaye garin a 2014, kuma firgici da baƙin ciki kan jawo mantuwa. Gwajin da ya karkace zai laƙaba wa mai lafiya cutar da ba shi da ita, ya kuma hana mai ciwon damuwa maganin da zai taimake shi.

Ya kamata masana harshe na Jami'ar Jihar Adamawa su zauna da ma'aikatan lafiya su tsara tambayoyi cikin harsunan yankin, a gwada su a kan dattawanmu. Kafin nan, duk wanda ya kai mahaifinsa asibiti ya faɗa wa likita harshen da tsohon ya tashi da shi, ya nemi a tambaye shi da wannan harshe.