Idan Famfon Igiyar Ruwa Ya Ƙi Bin Umarni

Murjani ba ya tafiya neman abinci, ruwa ne ke kawo masa, kuma ruwa ne ke wanke masa dauɗa. Shi ya sa masu kiwonsa a tankin gilashi, musamman a Turai da Amurka, suke sanya famfunan da ke kwaikwayon kai da komowar teku, irin Turbelle na kamfanin Tunze na Jamus, su haɗa su da na'urar sarrafawa kamar Apex ko ProfiLux don ta riƙa ƙara musu gudu tana ragewa. Ranar da famfo ya tsaya cik, ko ya maƙale a gudu ɗaya, na'urar ce ake fara zargi. A ganina wannan gaggawa ce, domin umarni yana ratsa hannu da yawa kafin ya isa farfela, kuma awo ne kaɗai ke nuna inda ya ɓata.

A yawancin irin wannan haɗi ba na'urar ce ke ba famfo wutar aiki ba. Famfon yana da nasa abin ba da wuta, sau da yawa mai bolt 24. Abin da na'urar ke aikawa ɗan sigina ne daga bolt 0 zuwa 10, wanda famfo ke ɗauka a matsayin gudu. Saboda haka a cire wayar siginar, a saita kashi 50 cikin ɗari, a ɗora mitar awon lantarki a bakin fita. Idan ta nuna kusan bolt 5, kuma lambar na motsi in an canza saiti, na'urar ta fita daga zargi. Idan ba ta motsa ba, a koma ga tsarin umarnin: a Apex, sharaɗin da ya cika a layin ƙasa shi ke rinjayar na sama, don haka layin dakatarwa na lokacin ciyar da kifi yana iya danne komai.

Sigina mai kyau ma ba ya amfani in famfo bai san yarensa ba. Wasu famfunan bolt 0 zuwa 5 suke karɓa, wasu kuma bugun lantarki mai kunnawa da kashewa da sauri, wanda ake kira PWM. Waɗannan sai da mahaɗin da ke sauya sigina, kuma tura bolt 10 inda ake jiran 5 na iya ƙona da'irar. Haka nan dole wayar dawowar lantarki ta na'urar da ta famfon su haɗu, ga kuma gishiri da ke cin bakin waya ya bar tsatsa. Famfon da ke shan wutar gida kai tsaye kuwa gudunsa ɗaure yake da bugun wutar, 50 ko 60 a daƙiƙa, kunnawa da kashewa kawai za a iya yi masa.

Wani zai ce famfonsa na bin umarni a babban gudu, a ƙaramin gudu ne yake tsayawa, ashe ba laifin sigina ba ne? Ba lallai ba. Kowane famfo yana da mafi ƙarancin gudun da zai iya tashi da shi, a wasu kusan kashi 30, kuma ɓawon alli da ke taruwa a jikin maganaɗisun farfelar yana ɗaga wannan iyaka a hankali. A jiƙa farfelar a ruwan khal, a goge, a sake gwadawa.

Wani kuma zai ce a bar famfon a cikakken gudu a huta. Wannan na iya ceton tanki na kwana ɗaya ko biyu, kuma ya fi ruwa tsayayye nesa ba kusa ba. Amma ruwa mai bugu ta gefe ɗaya kullum yana iya saɓule naman murjanin da ke gabansa, ya tara dauɗa a bayan duwatsu inda ba ya kaiwa, abin da tun farko aka sayi na'urar don a hana.