Buri Ba Ya Cika da Fata Kaɗai: Darasi daga Gonakin Gangara

Kowane matashi a Gangara da ke kudancin Nijar yana da burinsa. Wani na son ya gina ɗakin kansa ya yi aure, wani na son amalanke da shanun huɗa, wata na son jarin da za ta riƙa sarin aya da riɗi ranar kasuwa. Yawanci kuma ana ganin ba a cika irin wannan buri sai an tafi cin rani Kano ko Legas, ko an bi ayarin masu haƙar zinariya zuwa Jado. Alhali a gonakin ƙasar Gazawa, Agye da Gidan Rumji akwai shaidar abin da aiki tuƙuru yake haifarwa ba tare da an bar gida ba.

Dattawa ba su manta da farin 1973 da yunwar 1984 ba. A lokacin gonaki sun zama fili fetal. Manomi nagari shi ne wanda ya share gonarsa tas, ya ƙone duk wani tsiro kafin damina. Sai iska ta riƙa binne shuka da rairayi, mutum ya yi shuka sau biyu ko uku kafin ta kama. Mata kuma su yi doguwar tafiya neman itacen girki, in ya gagara a koma ga kara da kashin shanu.

A 1983 wani ma'aikacin noma ɗan Ostireliya da ke zaune a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƴan tsirran da ake sassabewa kowace shekara toho ne na kututturan da saiwarsu ke nan da rai a ƙasa. Daga nan aka soma abin da manoma ke kira sassabin zamani. Ba ya bukatar kuɗi ko ban ruwa. Manomi zai tsuguna gindin sabara ko kalgo, ya zaɓi rassa biyu zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ya datse sauran da adda mai kaifi, yana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Bayan ƴan watanni ya dawo ya sake gyarawa, haka kowace shekara.

Wahalar aikin tana wajen jimiri. Waɗanda suka fara an yi musu dariya, ana cewa ragwaye ne masu ƙazamar gona. A shekarar yunwa an raba abinci ga masu barin itatuwa, da rabon ya ƙare mutane da yawa suka sare nasu. Waɗanda suka daure su ne suka ga amfani bayan shekara uku zuwa biyar: itacen girki a bakin gona, gofa da azara na sayarwa, ganye da ƴaƴan itace ga dabbobi lokacin bazara. Gawo kuwa yana zubar da ganyensa da damina, don haka ba ya yi wa hatsi inuwa, sai ma ya ƙara wa ƙasa taki. Duk wanda ya taɓa duba zangarniyar da ta fito a gindin gawo ya san bambancin.

Mutanen Ɗan Saga a ƙasar Agye sun ƙara da wani abu. Sun gane cewa wahalar mutum ɗaya banza ce in ɓarawon itace zai bi dare ya sare, sai suka kafa kwamitin tsaro, maza da mata, manoma da makiyaya, da tara ga wanda aka kama. Bincike da hotunan tauraron ɗan'adam ya nuna cewa a kudancin Nijar, musamman jihohin Maraɗi da Damagaram, an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. A 2018 Rinaudo ya samu lambar yabo ta duniya saboda wannan aiki, amma masu adda da gatari ne suka yi shi.

Wannan ba ya nufin duk mai wahala zai yi arziki. Ruwa na Allah ne, gonakin gado sun ƙanƙance saboda yawan magada, kuma aikin da ba a yi shi da sani ba gajiya ce kawai. Masu sassaben dā ai ba ragwaye ba ne, gumi suke zubarwa wajen kashe abin da zai amfane su. Saboda haka aiki tuƙuru yana son abu uku: sanin abin da ake yi, naci, da haƙurin jiran lokacinsa. Haka yake ga tela, da ɗalibi, da mai tuyar ƙuli-ƙuli.

Matasa, ku dubi abin da ke hannunku tun yau, ku tambayi waɗanda suka riga ku, ku ba shi shekarun da yake bukata. Addu'a wajibi ce, amma a yi ta hannu na kan aiki.