Zanen da Ya Kama Zakara Yana Faɗuwa

Ran 14 ga Satumba, 1923, aka yi wani gagarumin dambe a birnin New York na Amurka, tsakanin Jack Dempsey, zakaran duniya, da Luis Firpo, mutumin Ajantina. A turmin farko Dempsey ya kai Firpo ƙasa har sau bakwai. Firpo ya miƙe ya ɗirka masa hannu, sai ga zakara ya ɓulla ta tsakanin igiyoyi, ya rikito kan 'yan jarida. Suka tura shi ya koma, a turmi na biyu ya gama da Firpo.

Cikin 'yan kallo akwai wani mai zane, George Bellows. Da alli mai maiƙo ya zana abin da ya gani a kan shafaffen dutse, aka jiƙa dutsen, aka shafa tawada ta kama inda maiƙon yake, sa'an nan aka danna takarda, hoto ya fito baƙi da fari.

Abin lura shi ne Bellows ya bar nasara ya zana faɗuwa. Firpo na tsaye ƙafafu a ware, hannunsa bai gama dawowa ba. Dempsey kuwa yana tahowa da baya, ƙafa sama. Mai duban takardar sai ya ji kamar a kansa ƙaton zai sauka.

Mutumin Magajiya a Suleja ba ya bukatar tafinta a nan. Ya san fagen dambe, ya san faɗuwar gwani ita ce labari. Har wa yau ya san darajar zane, domin a garinsa ne Ladi Kwali ta shiga makarantar tukwane ta Michael Cardew a 1954, tana tsaga siffar kunama da ƙadangare a jikin tulu, har ga hotonta a bayan Naira 20.

Bellows ya rasu a 1925, amma har yau ana kallon faɗuwar Dempsey. Shago kuwa waƙar Ɗan Anace ce ta riƙe sunansa, kunne ya ƙoshi, ido bai samu rabonsa ba. Ya kamata samari masu koyon zane su riƙa zuwa fage da takarda da fensir, tun 'yan damben yau ba su kwance zare ba.